Balan-balan a Kan Tankin Baba

Garejin da na yi aiki a Ras Al Khor bango ɗaya ne ya raba shi da wani sito, bangon ma na kwano, duk abin da aka yi a can a kunnenmu ake yi. Juma'a ce ranar hutu a Dubai a shekarun nan, amma ni daga masallaci gareji nake komawa, don ɗakinmu na unguwar Naif mun yi yawa a ciki, ba wurin miƙe ƙafa. Aikina gyaran jikin mota ne, wuni nake ina bugun ƙarfe, saboda haka babu irin bugun da kunnena bai sani ba. Sai wanda ke fitowa daga siton nan duk yammacin Juma'a. Ɗan gajeren ƙara ne, trrr, sai shiru, sai kuma trrr. A tsakani sai in ji muryar dattijo yana rera waƙar coci da Hausa, ƙasa-ƙasa, yana cinye rabin kalmomin.

Ni kuwa Allah ya yi ni da son sanin abin da bai shafe ni ba. Na daure Juma'a ɗaya, ta biyu na kasa, na tafi wurin maigadin layinmu. Mutumin Gana ne, ɗan zangon Kumasi, ya girme ni nesa ba kusa ba, yana da wani tsohon keke da yake zagaya sitocin da shi. Na tambaye shi me ake yi a ciki.

"Jirgin sama yake ƙerawa," in ji shi.

Na ce ya daina yi mini wasa da hankali, ni ba yau na zo Dubai ba.

"Wallahi, masta. Je ka ga da idonka. Mutuminku ne ma."

Na yi sallama na shiga. A tsakiyar siton ga wani dogon abu na alminiyam an ɗora shi a kan katako, an cake jikinsa da 'yan maƙalai masu launin jan ƙarfe har ya zama kamar bushiya. A gefensa wani dattijo mai furfura, tabarau ɗaya a ido, ɗaya rataye a wuya. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Bakano ne, ko? Daga sallamarka na gane. Shigo, amma kada ka taɓa komai."

Kafin ya rufe baki na riga na taɓa.

Mutumin kudancin Kaduna ne, makanikin jiragen sama a filin jirgi. Tun daga ranar nake kiransa Baba, shi kuma Bakano kawai yake ce mini, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ya ce akwai masu sayar da ƙaramin jirgi mai cin mutum biyu a warwatse, a cikin akwatunan katako, kai za ka haɗa abinka. Wutsiya ake fara saye, sannan fukafukai, sannan gangar jiki. Wutsiyar ya gama ta, ga ta can jingine da bango an lulluɓe ta da bargo. Yanzu yana kan fukafukai. In ya gama duka zai zuba a kwantena ya kai gida.

"Na tsufa ina gyara jiragen mutane," ya ce. "Ina so in ga nawa."

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne tankin. A mota, tanki abu ne daban, in ya lalace ka kwance ka sa wani. A nan kuwa goshin fiffiken shi ne tankin. Fallen alminiyam ne aka lanƙwasa, aka jera masa haƙarƙari a ciki, kuma kowane haƙarƙari da ƙusoshin ribit ake kama shi. Kowace ƙusa kuma sai an huda mata rami.

Na ce, "Baba, tsaya in gane. Za ka huda abu wuri ɗari da ɗoriya, sannan ka cika shi da fetur, ka ce kada ya zuba?"

"Ka gane aikin ke nan," ya ce. "Juma'a mai zuwa ka zo da kayan da ba ka so."

Ashe mataimaki yake nema tuntuni. Ribit ɗin tanki mutum biyu ke buga shi. Ɗaya yana waje da bindigar iska, ita ce mai trrr ɗin da nake ji, ɗaya kuma ya zura hannu ciki ya tokare gindin ƙusar da wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi har ta baje. Ni na zama mai tokarewa. Ba ma ganin juna, sai dai in ji ya ce "yalla", wato mu je, in ce "buga".

Amma ba ribit ke hana mai zuba ba. Wani danƙo ne mai zuwa a gwangwani biyu, fari da baƙi, ana haɗa kashi goma na farin da kashi ɗaya na baƙin. Baba da ma'aunin masu sayar da zinariya yake auna shi, ya sa tabarau biyun nan a kan juna, ba ya ko numfashi mai ƙarfi. In aka gauraya sai ya koma toka-toka, ya ɗauki warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ana shafa shi a ƙarƙashin kowane haƙarƙari, a tsoma kowace ƙusa a ciki kafin a buga, bayan an buga kuma a ɗora mata ɗigo a ka ta ciki. Ban taɓa ganin abu mai naci irinsa ba. Ka taɓa shi da yatsa ɗaya, zuwa anjima sai ka gan shi a gwiwar hannunka, a kunnenka, a jikin wayarka. Sau nawa ina shiga jirgin ƙasa mai zuwa Deira in ga mutane suna matsawa daga kusa da ni.

Littafin da ya zo da kayan a ƙasar sanyi aka rubuta shi. Ya ce in an haɗa danƙon akwai lokaci mai yawa kafin ya fara ƙarfi. Zafin Dubai bai san da wannan magana ba, kafin mu buga layi guda abin ya fara kama sanda. Dole Baba ya koma haɗa ɗan kaɗan-kaɗan, gwangwanayen kuma ya ajiye su a ƙaramin firjin da ke siton. A firjin nan maigadi ke ajiye abincinsa, shi ya sa yake da mukullin wurin, kuma kullum sai ya yi mita cewa shinkafa da wakensa sun fara ɗanɗanon jirgin sama.

Ni damuwata alwala ce. Abin da aka yi don ya hana fetur wucewa, ina ruwa zai ratsa shi? Ranar farko na ɓata fiye da rabin lokacin la'asar ina kankare farcena da tina, ruwan nan na wanke fenti. Baba ya tsaya yana kallona, ya tambaye ni dalili, na gaya masa sai ruwa ya taɓa fata. Juma'ar da ta biyo ya kawo mini safar hannu ta roba, ya ce in riƙa sa biyu a kan juna, kuma daga ranar ba ya buɗe gwangwani sai ni da maigadi mun idar da la'asar. Shi Baba da safe yake zuwa sujada a Bur Dubai, don a can har coci ranar Juma'a ake yi. Yakan taho mana da tuwon da matan cocinsu suka dafa, mu ci mu uku a kan akwatin da fiffiken ya zo a ciki.

Ni na fara lura da hannunsa, don duk motsin bindigar a tafina yake sauka. Da farko bugunsa tsaf yake zuwa. Daga baya sai in ji bakin bindigar yana rawa kafin ya danna. Wata rana ta zame ta bar ɗan tabo a jikin alminiyam ɗin kamar shatin farce. Ya huda ƙusar ya cire, ya sa wata, bai yi waƙa ba har muka tashi. Na so in tambaya, bakina har ƙaiƙayi yake, amma wannan karon na kama kaina.

Shi ya kawo maganar da kansa, muna shan shayi. Ya miƙa hannun damansa a gabanmu ya buɗe yatsun. Suna karkarwa, ba sosai ba, amma ba mai cewa bai gani ba.

"Likitan wurin aikinmu bai gani ba tukuna," ya ce. "Ni na gani. Kwantiragina ya kusa ƙarewa, sun ce in ƙara. Ina so in ƙara, autata tana jami'a, gangar jikin jirgin nan ma ban saye ta ba. Amma ni nake sa hannu in ce jirgi ya tashi da mutane."

Maigadi ya ce, "Papa, bar wannan magana. Gajiya ce."

"Saura murfin baya a tankin nan," in ji Baba. "Wannan ni kaɗai zan rufe shi, Bakano ba zai taɓa ba. Idan ya riƙe iska, hannuna na nan, zan ƙara. Idan ya yi yoyo, khalas, na ajiye aikin."

A garin nan in aiki ya tafi biza ta bi shi, mun san wannan mu duka. Na ce masa ai ba a yanke hukuncin rayuwar mutum da gwangwanin danƙo. Ya ce to da me ake yankewa, da ra'ayin Bakano?

Murfin baya shi ne aiki na ƙarshe, kuma shi ne mai wuya, don da zarar an tura shi ciki ba mai sake ganin abin da ke bayansa. Sai an zana danƙo siriri, layi ɗaya ba yankewa, a duk kewayen bakin tankin, sannan a danna murfin ya tura danƙon cikin kowane lungu. Baba ya zuba haɗin a leda ya yanke kusurwarta, ya riƙa matsawa yana ja kamar mai zanen lalle. Ni aikina riƙe fitila kawai. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, maigadi na tsaye da tawul yana tarewa kada ya faɗa ciki. Da ya zagayo ya danna murfin, ya bi ƙusoshin da matsi na hannu ɗaya bayan ɗaya, wannan ba ya buƙatar mai tokarewa. Da ya gama ya zauna a ƙasa ya jingina da bango.

Aka bar tankin ya bushe. Ni duk zatona ruwa za a cika masa a gani, ko a kawo injin iskar garejinmu a ɗura masa. Da na faɗi haka Baba ya yi mini tsawar da bai taɓa yi ba, ya ce injin nan zai kumbura tankin ya ɓalle duk wahalarmu. Ya aike ni in sayo balan-balan, irin ta bikin yara. Na samo a wani shago a Naif, mai shagon har yana yi mini barka, ya ɗauka suna za a yi.

Ranar gwaji, Juma'a ce da yamma, siton ya ɗauki zafi kamar tanda. Baba ya toshe bakin zuba mai, ya ɗaura bawul ɗin taya a ramin da ake tsiyaye tanki, ya ɗaure jar balan-balan a bakin siririn bututun da tanki ke shaƙar iska ta ciki. Ya ari famfon keken maigadi ya buga kaɗan. Balan-balan ta miƙe ta yi kamar kan jariri. Ya ce shi ke nan gwajin. Idan akwai yoyo, iskar za ta sulale, balan-balan ta kwanta. Idan babu, za ta kwana a tsaye.

Na yi ta dariya. Duk ma'aunin zinariyar nan, duk littafin nan mai kauri, ashe ƙarshen hukunci yana hannun abin wasan yara. Baba bai yi dariya ba. Ya ce satin nan aikin safe yake yi, ba zai samu zuwa ba sai wata Juma'ar, in riƙa leƙawa ina buga masa waya.

Kullum in na iso gareji sai in fara neman maigadi ya buɗe mini. Ranar Asabar na same ta tsaye. Lahadi tana tsaye. Farin ciki ya cika ni, ina buga waya ina ihu kamar ni na haife ta. Wajen tsakiyar sati na ce masa, "Baba, tana nan lafiya lau, har ƙiba take yi."

Sai ya ce, "Ƙiba?"

Na ce ƙwarai, ta fi yadda ya bar ta. Ya ce to, sai Juma'a. Na yi mamakin yadda muryarsa ba ta yi daɗi ba, na ce a raina tsofaffi dai ba a iya musu.

Ranar Juma'a ya zo da tuwo kamar kullum. Ya tsaya a kan balan-balan ɗin ya daɗe yana kallonta, bai taɓa ta ba. Zafin yamma ya sa ta kumbura har jan ya koɗe, ana hango haske ta cikinta. Muka zauna muka fara cin abinci. Ban kai loma ta uku ba sai muka ji fau! Maigadi ya zabura har ya ture kofin shayi. Guntun jar roba na reto a bakin bututun.

Baba ya gama tauna abin da ke bakinsa, ya wanke hannu.

"Bakano, bari in ƙara maka karatu," ya ce. "Iska in ta ji sanyi takan tsuke, in ta ji zafi ta buɗe. Da tsakar zafi na hura wannan. Ko da tankin ba ya yoyo ko kaɗan, ya kamata kowace safiya ka same ta ta ɗan yi laushi, da yamma ta dawo yadda na bar ta. Ba za ta wuce haka ba. Robar ma kanta tana sakin iska a hankali. Iska ba ta haihuwa a cikin tanki."

Bai dube ni ba da yake maganar. Maigadi yake kallo. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana goge shayin da ya zube da gefen hannunsa, yana ta gogewa bayan wurin ya bushe.

"Kakra kakra ne, Papa," ya ce a ƙarshe. "Kaɗan-kaɗan. Bugun famfo biyu, uku, bayan asuba."

"Yaya kake samunta kafin ka buga?"

Maigadi ya ci gaba da goge wurin. Baba ya sake tambaya a hankali.

"A kwance."

"Tun ranar Asabar?"

"Tun ranar Asabar." Sai ya ɗago, idonsa ya yi ja. "Kai babba ne, Papa. A gabanmu za ka ji kunya, muna zaune muna kallo? A gidanmu ba a yin haka. Na ce in rufa maka asiri, ka sa hannu a takardarka, sauran Allah ya san yadda zai yi."

Raina ya ɓaci, don ni aka mayar sakarai sati guda ina kai rahoton ƙarya. Amma fushin bai je ko'ina ba. Haka aka tarbiyyantar da mu duka, daga Kano har Kumasi, in babba ya yi tuntuɓe sai ka kau da kai ka ce ba ka gani ba. Da ni ne na riga shi ganin balan-balan ɗin a kwance, ga famfo a jingine, ba zan rantse a kan abin da zan yi ba.

Na jira Baba ya yi faɗa, bai yi ba. Ya dafa kafaɗar maigadi ya ce, "Na gode, ɗan'uwana. Amma mutanen da ke hawa jiragen da nake dubawa, su wa zai bi su sama da famfon keke?"

Ya ce in kawo wata balan-balan da ruwan sabulu. Ya ɗaura, ya miƙa wa maigadi famfon ya ce tunda ya ƙware shi zai buga. Sannan ya ɗauki buroshi ya fara shafa kumfar a kan ƙusoshin, layi-layi. Duk waɗanda muka buga tare shiru, ko motsi babu. Ya juya tankin ya bi bakin murfin baya. Ya wuce gefe ɗaya lafiya, ya wuce na biyu. Da ya iso kusurwar ƙasa sai wani ɗan ƙwan kumfa ya taso, ya girma, ya fashe, wani ya biyo shi. Mu uku muka durƙusa muna kallo. Abin kunya, har a lokacin wani ɓangare na zuciyata mamaki yake yi, yadda ramin da ido ba ya gani yake hura ƙwai mai kyau haka.

Na ce, "Baba, ai kai ka gaya mini littafin ya ce nan ne wurin da ya fi yi wa kowa yoyo. Har samari masu lafiyayyen hannu. A huda murfin a gyara ta ciki, shi ke nan."

"Za a gyara," ya ce. "Kai za ka yanka, in nuna maka wurin. Amma ni na ji lokacin da hannun ya tsallake a nan. Na ji shi tun ranar, na ce wa kaina ban ji ba."

Ya ajiye buroshin a cikin kwanon sabulun. Ya goge hannunsa a wando, ya ciro waya, ya matsa bakin ƙofa inda ake samun sabis. Maman yaransa ya kira a gida. Ba mu yi niyyar saurare ba, amma siton ba shi da girma. Suka gaisa, ya tambayi auta, ya tambayi ruwan sama. Sannan ya ce ta sa a gyara rufin ɗakin baya, akwai kayan da zai turo a kwantena, shi kuma yana tafe kafin Kirsimeti. Muka ji muryarta ta tashi da murna a cikin wayar, tana tambayar wani abu. Baba ya juya mana baya.

"A'a, Mama," ya ce. "Ba hutu ba ne."